Ruwa Ba Ya Tsami Banza: A Gano Ciwon Shafin Intanet Kafin a Ba Shi Magani

Maganarmu ta yau ta shafi duk wanda ke da shafin intanet, na jarida ne, ko na makaranta, ko na ƙungiya, ko na ɗan kasuwar da ke baje hajarsa ga masu saye na nesa. Ta kuma shafi matasanmu da suka riƙi gina shafuka a matsayin sana'a. Koke uku ne suka fi fitowa daga bakin masu shafuka. Wani ya ce shafinsa ya yi nauyi, sai mutum ya gaji da jira kafin ya buɗe. Wani ya ce ya nemi shafinsa a Google sama ko ƙasa bai gani ba, alhali watan jiya yana nan. Wani kuma ya wayi gari ya tarar da farin allo fetal, ko wani maɓalli ya daina amsawa. Abin da nake son tabbatar muku shi ne, galibi waɗannan koke uku gida ɗaya suka fito, wato kayan da aka yi ta lafta wa shafi ba tare da lissafi ba. Don haka duk wanda ya ruga ya ƙara wani kaya da sunan magani, tun bai auna ya gano inda ciwon yake ba, ya kama hanyar gyaran gangar auzinawa.

Zan kafa hujjata a kan WordPress, domin ita ce manhajar da aka fi gina shafuka da ita. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara ta a shekarar 2003, yau kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke zaune. Sirrin karɓuwarta shi ne wata ƙofa da aka buɗe a 2004, wadda ta ba kowa damar rubuta 'yar ƙaramar manhaja ya jona ta a jikin uwar domin ta ƙara mata wani aiki. Waɗannan 'yan manhajojin su ne masu sana'ar ke kira fulogin. Kana son fom ɗin da baƙo zai cike ya aiko maka da saƙo, akwai fulogin. Kana son kanti da kwandon saye, akwai fulogin. Kana son maɓallin WhatsApp a gefen allo, shi ma akwai. Rumbun WordPress kansa na ɗauke da kusan 60,000 na kyauta, ban da na kuɗi da ake sayarwa a wasu kasuwanni. Wannan alheri ne babba, domin ya ba wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba damar mallakar shafi mai kyau. Sai dai mutane daban-daban ne suka rubuta su, a ƙasashe daban-daban, a shekaru daban-daban, kuma babu ɗayansu da ya san da wa zai kwana ɗaki ɗaya a cikin shafinka. Kai ne ka haɗa su, kai ne kuma kaɗai za ka iya sanin ranar da kowannensu ya shigo.

Yana da kyau mu san abin da ke faruwa a cikin 'yan sakan ɗin da ke tsakanin taɓa mahaɗa da bayyanar shafi. Wayar baƙo takan aika buƙata zuwa kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira saba. Sabar ba ta da shafin a shirye kamar burodi a kan tire, sai ta dafa shi a lokacin: ta tashi WordPress, ta tashi duk fulogin da ke kunne, ta tambayi rumbun bayanai rubutun da ake nema, ta harhaɗa, sannan ta turo. Bayan haka wayar ta shiga jawo sauran kayan ɗaya bayan ɗaya, da hotuna, da salon haruffa, da tallace-tallace, da fayilolin umarnin da ke motsa abubuwa a allo. Kowane fulogin na iya ƙara aiki a ɗayan wuraren nan biyu, ko ya tsawaita girkin saba, ko ya ƙara wa wayar baƙo kayan ɗauka. Akwai fulogin fom da ke loda fayilolinsa a kowane shafi, alhali fom ɗin a shafi ɗaya tak yake. Akwai na hotuna masu zamewa da ke jawo manyan hotuna biyar tun baƙo bai ga na farko ba. Ba a ganin wannan da ido daga ɗakin sarrafawa, wato allon da ake gudanar da shafin daga cikinsa, kuma mai shafi shi ne na ƙarshen ji a jikinsa, domin burauzarsa ta riga ta adana yawancin kayan tun ziyarar da ya yi jiya. Shi yana buɗewa nan take ya ce lafiya lau, baƙon da ya zo karon farko kuwa yana can yana kallon farin allo, datarsa na zurarewa.

To a nan ne ɗabi'ar da nake kuka da ita take shigowa. Mun san mutumin da zazzaɓi zai kama, maimakon ya je a ɗibi jininsa a auna, sai ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na maleriya da na taifot da na ciwon jiki, ya watsa gaba ɗaya. In ya warke bai san wanne ya yi aiki ba, in ya rikice bai san wanne ya cuce shi ba. Haka ake yi wa shafuka. An ji shafi ya yi nauyi, sai a sauke fulogin na ƙara sauri. Bai yi ba, a ƙara na biyu a kan na farko, su biyun su shiga ajiye kwafin shafi da matse fayiloli kowa da tsarinsa, wannan ya matse abin da wancan ya riga ya matse, sai jerin zaɓi na saman shafi ya daina buɗuwa. An ji Google ba ya kawo baƙi, sai a jona fulogin biyu na gyaran bincike, kowanne ya rubuta wa shafi nasa taken da nasa umarnin, injin bincike ya zo ya tarar da baki biyu. A ƙarshen mako an canza abu bakwai, ciwo ɗaya ya zama uku, babu kuma mai iya cewa ga inda aka kuskure.

Kada a ɗauka ƙananan fulogin marasa suna ne kaɗai ke jawo matsala. A watan Maris na 2018, kamfanin Yoast na ƙasar Holan, mai fulogin ɗin gyaran bincike da miliyoyin shafuka ke amfani da shi, ya fitar da sabon zubi mai lamba 7.0. Wani kuskure a cikinsa ya juya saiti guda ɗaya a wasu shafuka ba tare da masu su sun sani ba. WordPress a lokacin takan buɗe wa kowane hoton da aka loda shafinsa na kansa, shafin da babu komai a cikinsa sai hoton, kuma aikin wancan saitin shi ne ya riƙa mayar da mai ziyara daga irin wannan fankon shafi zuwa inda ya dace. Da saitin ya juye, sai Google ya shiga kwasar waɗannan fankon shafuka yana zubawa a kundinsa. Shafin da ke da maƙala ɗari da hotuna dubu ya koma a idon injin bincike kamar rumbun da ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa, wasu kuma suka ga baƙinsu na raguwa. A ƙarshen watan Mayu kamfanin ya fito ya nemi afuwa, ya kuma fitar da hanyar share ɓarnar. Abin lura a nan shi ne wanda ya fi saurin tsira. Mai shafin da ya san cewa a rana kaza ya sabunta fulogin kaza, ya kuma ga adadin shafukansa a kundin Google ya yi tsalle bayan wannan ranar, ya kama bakin zaren. Wanda bai riƙe lissafi ba kuwa, da wuya ya zargi abin da ya jona domin ya taimake shi.

Mu koma kan nauyi, mu ga yadda ake aunawa. Google na da ma'auni na kyauta mai suna PageSpeed Insights, adireshin shafi kawai ake liƙa masa. Tun 2020 kamfanin ya tsayar da alƙaluma uku da yake ɗauka a matsayin alamar lafiya. Abu mafi girma a allo, hoto ne ko rubutu, ya bayyana cikin sakan 2.5. Idan baƙo ya taɓa maɓalli, shafi ya nuna ya ji cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, wanda shi ne ma'aunin da aka sabunta a Maris na 2024. Sannan kada abubuwa su riƙa tsalle a allo, irin yadda za ka kai yatsa kan labari sai talla ta faɗo ta ture shi ka taɓa abin da ba ka yi niyya ba. Amfanin ma'aunin ya wuce makin da yake bayarwa, domin a ƙasa yakan jero sunayen fayilolin da suka fi cin lokaci, kuma a cikin adireshin kowane fayil akan ga sunan fulogin ɗin da ya kawo shi. Sau da yawa ma mai laifin ba ya ɓuya. Hoto ne aka ɗauka da waya, faɗinsa ɗigo 4,000, nauyinsa megabait 4 ko 5, aka loda shi yadda yake, alhali gurbin da zai zauna a allon waya bai wuce ɗigo 'yan ɗaruruwa ba. Mu yi lissafi. Idan sabis ɗin baƙo na jawo megabait ɗaya cikin sakan 4, shafi mai megabait 5 zai ci sakan 20, mai rabin megabait kuma sakan 2. Rage hoton kafin a loda shi, ko a juya shi zuwa tsarin WebP wanda WordPress ta fara karɓa a 2021, ba ya bukatar a ƙara wa shafin komai. Wani binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu ziyara ta waya kan juya idan shafi ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. Waɗannan mutane ne da suka zo har ƙofar kanti suka tarar da ita a cije.

Na san abin da wani mai sauraro ke faɗa a ransa yanzu: malam, ai matsalarmu sabis ce, me shafi zai yi da sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa? Akwai gaskiya a cikin wannan, ba zan musa ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashen. A irin wannan rana babu saitin da mai shafi zai taɓa ya yi amfani. Nisa ma na da nasa kason. Haske a cikin wayar gilashi na tafiyar kilomita 200,000 a sakan ɗaya, don haka idan sabarka na nesa da kilomita 10,000, zuwa da dawowa kaɗai zai ci kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma buɗe shafi ɗaya na bukatar irin wannan kai-komo sau da yawa. Amma ku duba inda wannan hujja ta dosa. Idan hanya ba ta da kyau, direba mai hankali rage lodi yake yi. Shafi mai nauyi na iya ɓoye aibinsa ga mai karatu a Landan, ba zai iya ɓoye shi ga mai karatu a Maraɗi ko Azare ba. Raunin sabis ƙarin dalili ne na sauƙaƙa shafi. Bambance ciwon biyu kuma ba shi da wuya: buɗe shafinka, sannan a kan wayar nan da sabis ɗin nan ka buɗe Wikipedia. In su biyun sun yi nauyi, laifin hanya ne. In wancan ya buɗe naka ya tsaya, to ruwa ba ya tsami banza, a cikin gida za a duba.

Batun ɓacewa daga Google shi ne inda aka fi yin asarar kuɗi, domin shi ne inda aka fi yin hasashe. Kafin shafi ya fito a sakamakon bincike sai ya bi matakai uku. Injin Google ya iso gare shi ya karanta, sannan ya shigar da shi kundinsa, sannan ya jera shi a tsakanin sauran shafukan da ke magana a kan abu ɗaya. Kowane mataki da irin ciwonsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. A ɗakin sarrafa WordPress, a sashen saiti, ƙarƙashin karatu, akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama domin a roƙi injunan bincike kada su shigar da shafin kundinsu. Masu gina shafi kan sa masa alama lokacin da suke aiki, don kada duniya ta ga gini tun ba a gama ba. Sai a gama, a miƙa wa mai shi, a manta ba a cire ba. Mai shafi ya yi wata uku yana zuba maƙaloli, yana biyan masu cewa za su ɗaga shi, alhali shafinsa da bakinsa yake gaya wa Google kada ya rubuta sunansa. Haka nan akwai wani ƙaramin fayil mai suna robots.txt, tsarin da ake amfani da shi tun 1994, wanda layi ɗaya a cikinsa ya isa ya rufe wa injin ƙofar gidan gaba ɗaya. Akwai kuma wanda zai canza tsarin adireshin maƙalolinsa bai bar alamar da za ta kai mutum sabon wuri ba, duk tsofaffin mahaɗai su koma nuna lambar 404, ma'ana ba a sami abin da ake nema ba. Dukkan waɗannan ana ganinsu a Google Search Console, wanda shi ma kyauta ne. Ka liƙa adireshin maƙala, zai gaya maka ko tana cikin kundi, in ba ta ciki ya faɗi dalili, ya kuma nuna maka a zane yawan baƙin da bincike ya kawo har na tsawon wata 16. Daga wannan zanen za ka ga ranar da layi ya karye ya yi ƙasa, ita ce ranar da za ka tambayi kanka me aka taɓa.

Wani zai ce, to tunda Google na son sauri, ai sai a ƙure maki 100 a PageSpeed a hau saman kowa. Lallai sauri na cikin abin da ake dubawa, kamfanin ya sanar da haka tun 2010 ga kwamfuta, ya faɗaɗa shi zuwa waya a 2018, kuma yanzu da siffar shafi ta waya yake yin hukunci. Amma shi kansa ya sha bayyana cewa dacewar abin da aka rubuta da abin da mutum ke nema ita ce gaba. Shafi mai gudu kamar walƙiya wanda aka cika da labaran da aka kwafo daga wasu ba zai sha gaban mai rubutun kansa ba. Google ya kuma faɗa ƙarara cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, saboda haka duk wanda ya yi maka wannan alkawari a kan kuɗi, ka riƙe aljihunka. Ga masu rubutu da Hausa akwai wani ɗan ƙarin abin dubawa. Ba kowane salon haruffa ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan rigar shafinka, wato tsarin da ke ba shi kamanninsa, ta zo da salon da ba shi da su, za ka ga haruffan nan sun fita daban a tsakiyar kalma, ko sun koma akwatuna. A gwada su tun ranar zaɓen riga, domin mai karatun da ya ga rubutu a gurgunce ba ya daɗewa.

Yanzu ga yadda mai sana'a ke farautar fulogin ɗin da ya yi laifi. Kafin komai ya ɗauki cikakken kwafin shafi, da fayiloli da rumbun bayanai, ya ajiye shi a wani wuri da ba kan sabar ba. Sannan ya kashe fulogin duka ya duba. In ciwon na nan, to ba su ba ne, sai a koma kan riga ko kan saba. In ya tafi, mai laifin na cikinsu. Daga nan ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba: a kunna rabi a duba, in ciwon ya dawo yana cikin wannan rabin, in bai dawo ba yana cikin ɗayan, a sake raba rabin da ake zargi gida biyu. Ko fulogin 32 ne, gwaji 5 ya isa a kama guda. Wani lokaci biyu ne ba sa ga maciji, kowanne lafiya lau in yana shi kaɗai, sai sun haɗu rigima ta tashi, wannan yakan ɗan ƙara zagaye, amma hanyar ita ce dai. Mai tsoron kada baƙi su ga shafi a kwance yana iya amfani da wani fulogin mai suna Health Check, wanda ke kashe fulogin ga mai gyara shi kaɗai, sauran jama'a na ganin shafi yadda yake. Idan kuwa farin allo ya hana shiga ɗakin sarrafawa, tun zubi na 5.2 da ya fito a Mayun 2019 WordPress takan aika wa mai shafi imel da sunan abin da ya faɗi, tare da wata mahaɗa ta shiga a yi gyara. Shi ya sa adireshin imel ɗin da ke cikin saiti ya kamata ya zama wanda ake buɗewa, ba na yaron da ya gina shafin shekara uku da suka wuce ya yi gaba ba. In saƙon bai zo ba, canza wa jakar fulogin suna daga wajen kamfanin da ke ba shafin masauki yakan kashe su duka, ƙofa ta buɗe.

Akwai mai cewa wannan magana tamkar hana amfani da fulogin ce, alhali shi ba masanin manhaja ba ne, da su yake rayuwa. Ba haka nake nufi ba, kuma ban yarda da masu yanke adadi su ce kada a wuce goma ko ashirin ba. Fulogin ashirin masu sauƙi na iya fin guda ɗaya mai nauyi lafiya. Abin tambaya game da kowanne shi ne wane aiki yake yi, yaushe mai shi ya sabunta shi na ƙarshe, kuma ko WordPress da kanta ta riga ta iya wannan aikin. Misali, tun Agustan 2020 take yin taswirar shafi domin injunan bincike, take kuma jinkirta loda hoto har sai baƙo ya gangaro kusa da shi, amma har yau akwai shafukan da ke ɗauke da tsofaffin fulogin na waɗannan ayyuka biyu. Wanda ba a amfani da shi kuma a goge shi, domin kashewa kawai na barin fayilolinsa a kan saba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta masu cewa sabuntawa ce ke karya shafi, gara a bar kaza cikin gashinta. Suna da shaida. Wancan zubi na Agustan 2020, mai lamba 5.5, ya cire wani tsohon gini mai suna jQuery Migrate wanda riguna da fulogin da yawa suka jingina da shi, shafuka masu yawa suka rikice, har sai da masu WordPress suka fitar da fulogin na musamman domin a tallafe su. Amma ku ji abin da ya biyo baya makonni uku kacal. A farkon Satumba aka gano wata ɓaraka a fulogin mai suna File Manager, wanda ke kan shafuka fiye da 700,000, ɓarakar da ke ba mai kutse damar loda fayilinsa ya karɓe shafi ba tare da kalmar sirri ba. Masu shi sun toshe ta a zubi na 6.9, amma cikin 'yan kwanaki masu kutse suka bi shafuka fiye da miliyan ɗaya suna lalube, suna neman waɗanda ba su sabunta ba. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro Patchstack na nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓarakar da ake ganowa a duniyar WordPress a cikin fulogin take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A auna asarar biyu. Shafin da sabuntawa ta karya, ana mayar da shi cikin minti kaɗan in akwai kwafin ajiya. Shafin da aka kutsa kuwa akan cusa masa tallan caca da na magungunan bogi, sabarsa ta yi nauyi da aikin wasu, burauza ta fara nuna wa baƙi jan allo na gargaɗi, Google kuma ya ja baya da shi. Koke ukun da muka fara da su sun haɗu ke nan a gida ɗaya. Abin yi shi ne a sabunta, amma da kwafi a hannu, ɗaya bayan ɗaya, ana dubawa bayan kowanne, kuma ba a daren da ake tsammanin cunkoson baƙi ba.

Dole in ja kunnen matasa masu gina wa mutane shafi a kan fulogin da riguna na kuɗi da ake rabawa kyauta a wasu zauruka bayan an fasa makullinsu. Na san tsadar dala ce ke tura mutane can. Amma a 2019 kamfanin Wordfence ya bayyana cewa ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi yaɗuwa a shafukan WordPress, mai suna WP-VCD, ta irin waɗannan kayan take shiga, mai shafi ne ke loda ta da hannunsa. Ko da an dace babu cuta a ciki, ba za a riƙa samun sabuntawa ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya gina masa shafi da irin wannan kaya bai gaya masa ba, ya ci amanarsa.

Saura mai cewa shi ɗan kasuwa ne, ba shi da lokacin duk wannan, ya ba yaro ya kula. Babu laifi, ba kowane mai mota ne bakanike ba. Amma mai motar da ya san ranar da aka yi mata juyen mai ba a cika cutarsa a gareji ba. Duk ma'aunan da na ambata kyauta ne, abin da suke ci bai wuce 'yar data da rabin sa'a ba. Roƙona gare ku, masu shafuka, shi ne a cikin makon nan kowa ya sami littafi ko da na 'yan makaranta ne. Ya rubuta sunan duk fulogin da ke shafinsa da aikin kowanne, ya tambayi mai kula masa inda kwafin ajiya yake da ranar da aka ɗauke shi, ya tabbatar sunan shafin da masaukinsa da Search Console duk da imel ɗinsa aka yi rajistarsu, ya kuma leƙa ɗan akwatin nan na sashen karatu ya ga ko akwai alama a cikinsa. Daga ranar, duk abin da aka jona ko aka sabunta ko aka goge, a rubuta shi da kwanan wata. Idan kuma wani ya ce zai ƙara muku sabon fulogin domin ya gyara wata matsala, ku ce ya fara nuna muku abin da ya auna.